Masu Kallon Jirgin Kaya Su Tuna Da Direban Da Bai Yi Barci Ba

A tsakiyar ƙasar Amurka, cikin Jihar Missouri, akwai wani ɗan ƙaramin gari da ake kira La Plata, wanda yawan mutanensa bai kai dubu biyu ba. Garin ba shi da wani abin da zai sa baƙo ya yi tattaki dominsa, in banda wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ke bakin babban layin dogon da ya taso daga Shikago ya nufi Kalifoniya. Amma duk da haka da wuya a sami awa guda, dare ko rana, wadda babu mutane daga sassa daban-daban na duniya suna zuba wa wannan tasha ido. Dalili kuwa shi ne wani kamfani mai suna Virtual Railfan ya kafa kyamarori a wurin, suna watsa duk abin da ya gitta kai tsaye ta YouTube, kamar yadda ya yi a wasu garuruwa da dama na ƙasar. Mai kallo yana zaune a ɗakinsa sai ya ji ƙaho daga nesa, fitila ta ɓullo, kawunan jirgi uku ko huɗu su wuce suna ruri, sa'an nan taragai su yi ta bin juna har minti biyu ko uku kafin a ga na ƙarshe.

Ko shakka babu wannan kallo yana da daɗi, kuma ba abin raini ba ne. Sai dai akwai abin da kyamarar ba ta nunawa. A cikin kan jirgin da ya wuce akwai mutum biyu, direba da kwandasta, waɗanda mai kallo ke ganin inuwarsu na daƙiƙa ɗaya tak. Bidiyon ba ya faɗin ƙarfe nawa aka tashe su daga barci, ko awa nawa suka yi a kan hanya, ko yaushe rabonsu da cin abinci tare da iyalinsu. Ra'ayin da za a kafa a nan shi ne cewa duk wanda yake jin daɗin kallon jirgin kaya akwai bashin waɗannan ma'aikata a kansa, kuma hanyar biyan bashin ita ce ya san halin da suke ciki, ya goyi bayan a ba su lokacin hutu wanda suka san ranarsa da awarsa tun da wuri.

Tsohuwar Sha'awa

Sha'awar kallon jirgi ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikin finafinan farko da aka nuna wa jama'a a duniya, wanda 'yan'uwan nan biyu na Faransa masu suna Lumière suka nuna a 1896, ba kome ba ne illa hoton jirgi yana shiga tashar La Ciotat. A Amurka an kafa mujallar Trains a 1940 domin masu wannan sha'awa. A Ingila wani matashin ma'aikacin reluwe mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafin lambobin kawunan jirage a 1942, daga nan yara 'yan makaranta suka riƙa cika tashoshi da alƙalami a hannu, suna rubuta lambar duk kan jirgin da suka gani. Tsakanin 1955 da 1960 wani mai ɗaukar hoto, O. Winston Link, ya bi jiragen kwal na kamfanin Norfolk and Western yana ɗaukarsu da dare kafin a daina aiki da su, har yana naɗar kukansu a faifai. A 1998 garin Rochelle na Jihar Illinois ya buɗe wani fili musamman domin 'yan kallo, a daidai inda layukan manyan kamfanoni biyu suka gitta juna. A 2009 kuwa gidan talabijin na ƙasar Norway ya nuna tafiyar jirgi daga Bergen zuwa Oslo, awa bakwai cur babu yankewa, mutane masu ɗimbin yawa suka zauna suka kalla.

Wannan al'ada ta yi amfani. Da ba domin waɗannan mutane ba, da tarihin jirgin ƙasa mai yawa ya salwanta, da tsofaffin kawunan jirage da ke ajiye a gidajen tarihi an daɗe da sayar da su a kilo. Amma idan aka duba abin da suka tara, za a ga galibinsa ƙarfe ne: samfurin inji, launin fenti, lambar da ke jikinsa, irin kukan ƙahonsa. Su ma'aikatan sun daɗe da lura da haka, shi ya sa suka laƙaba wa 'yan kallon wani suna na zolaya mai ma'anar masu kumfar baki, wato waɗanda da sun hangi jirgi sai yawu ya tsinke musu.

Yadda Aikin Yake

Ma'aikacin ofis ya san zai fita da safe ya dawo da yamma, ɗalibi ma ya san lokacin darasinsa. Direban jirgin kaya na dogon zango a Amurka, a bisa tsarin da aka daɗe ana bi, ba shi da wannan gata. Sunansa yana cikin jerin sunayen da ke juyawa kamar layin mota a tasha. Idan layi ya zo kansa sai a buga masa waya, a ba shi awa ɗaya da rabi ko awa biyu ya hallara, ko da ƙarfe biyun dare ne, ko ranar biki ce, ko ɗansa na kwance asibiti. Kamfani yana nuna kintacen lokacin da jirage za su tashi, amma kintacen yakan sauya da awoyi masu yawa. Saboda haka mutum zai ga an rubuta jirginsa sai gobe da safe, ya wuni a farke yana hidimar gida, sai da magariba waya ta yi ƙara. Haka zai hau jirgi ya kwana yana tuƙi, alhali bai runtsa ba tun asuba.

Idan ya kai ƙarshen zangonsa, wanda kan kai mil ɗari biyu ko uku, ba gida zai koma ba. Masauki za a kai shi ya kwanta, ya jira a sake kiransa ya tuƙo wani jirgin zuwa gida, jiran da kan ɗauki rabin yini ko fiye. Tafiya ɗaya da dawowa takan cinye kwana ɗaya da rabi ko kwana biyu. Da ya shiga gida kuma sunansa ya sake hawa layi.

A da mutum biyar ke tafiyar da jirgin kaya: direba, da fayaman mai kula da wuta, da kwandasta, da masu birki biyu. Wasu daga cikinsu suna zama a wani ƙaramin tarago a can ƙarshen jirgi suna lura da ƙafafun taragai. Da jiragen dizal suka maye gurbin na kwal sai aikin fayaman ya tafi. A shekarun 1980 aka cire taragon ƙarshe aka maƙala wata na'ura mai walƙiya a madadinsa, masu birki su ma suka bi sahu. Abin da ya rage yanzu mutum biyu ne, su ne ke ɗauke da alhakin kayan da nauyinsu kan haura tan dubu goma.

Abin Da Doka Ta Tanada

Ba za a ce hukuma ta yi sakaci da batun gaba ɗaya ba. Tun a 1907 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar awoyin aiki ta ma'aikatan jirgi, bayan haɗurra sun yi yawa, ta ce kada mutum ya wuce awa 16 a jere. A 1916, domin kauce wa yajin aikin gama-gari, Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar da ta mayar da awa takwas ma'aunin albashin yini ɗaya, abin da ya haura haka kuma a biya shi daban. A 1969 aka gyara tsohuwar dokar, aka rage iyakar zuwa awa 14, daga baya zuwa 12.

Gyara mafi girma ya zo a 2008, kuma labarinsa ya shafi masu sha'awar jirgi kai tsaye. Ran 12 ga watan Satumba na wannan shekara, a Chatsworth kusa da Los Angeles, jirgin fasinja ya keta jar sigina ya yi taho-mu-gama da jirgin kaya na kamfanin Union Pacific, mutum 25 suka rasu. Bincike ya gano cewa direban jirgin fasinjan yana musayar saƙonnin waya da wani matashi mai sha'awar jirgi, kuma ya aika saƙonsa na ƙarshe daƙiƙa 22 kafin karon. Nan da nan aka hana ma'aikata amfani da wayarsu a bakin aiki, majalisa kuma ta zartar da sabuwar doka. Dokar ta bar iyakar awa 12, ta wajabta hutun awa 10 a jere wanda kamfani ba shi da izinin katse shi da kira, ta ce kada aiki ya haura awa 276 a wata, kuma wanda ya fita aiki kwana shida a jere a ba shi hutun awa 48 a gida.

A takarda wannan ya yi kyau. Amma mai karatu ya yi lissafi da kansa. Wanda ke aikin awa takwas, kwana biyar a mako, yana yin kimanin awa 170 a wata. Iyakar direban jirgi ta ɗara wannan da awa ɗari. Hutun awa goman nan kuma a cikinsa ne zai tuƙa motarsa zuwa gida, ya yi wanka, ya ci abinci, ya ga yara, kafin a zo batun barci. Bugu da ƙari, idan awa 12 ta cika alhali jirgi yana tsakiyar daji, doka ta ce ya tsaya cak. Sai ma'aikatan su zauna a cikin kan jirgi suna jiran motar da za ta kawo masu canjinsu ta kwashe su, jiran da kan kai awoyi. Wannan lokaci ba a lissafa shi a matsayin tuƙi, ba kuma hutu ba ne, duk da cewa dokar ta sa masa iyakar awa 30 a wata.

Babban giɓin da ke cikin dokar shi ne tana ƙirga tsawon aiki da tsawon hutu, amma ba ta tilasta wa kamfani ya gaya wa ma'aikaci yaushe ne aikin zai fara ba. Jikin ɗan Adam kuwa yana da nasa agogon. Wanda aka sallama ƙarfe tara na safe aka ce ya yi barci, da wuya barcin ya zo masa yadda ya kamata, ko da an ba shi awa goma. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai yi barci ba, natsuwarsa da saurin hannunsa suna raguwa daidai da na wanda ya sha giya har ya kai haddin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙin mota. Babu kamfanin da zai yarda mashayi ya hau kan jirginsa, amma ana barin mai gyangyaɗi ya hau kullum.

Barci Ɓarawo Ne

Abin da wannan ke haifarwa yana nan a rubuce cikin rahotannin hukumomin bincike. Ran 8 ga watan Fabrairu na 1986, kusa da garin Hinton na ƙasar Kanada, jirgin kaya ya wuce sigina ya afka wa jirgin fasinja, mutum 23 suka mutu, kuma hukumar da aka naɗa ta binciki lamarin ta yi suka mai zafi a kan ƙarancin hutun da ma'aikatan suka samu da kuma al'adar da ta ɗauki hakan ba kome ba. Ran 28 ga watan Yuni na 2004, a Macdona ta Jihar Teksas, jirgin Union Pacific ya daki na kamfanin BNSF, tankin iskar kulorin mai guba ya fashe, kwandastan da wasu mutum biyu mazauna kusa da layin suka rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora alhakin a kan gajiyar ma'aikatan. Ran 17 ga watan Afrilu na 2011, kusa da Red Oak ta Jihar Iowa, jirgin kwal ya sheƙo ya hau bayan wani jirgin da ke tsaye, direba da kwandasta duka suka mutu. Hukumar ta gano cewa barci ne ya sace su duka biyun, saboda rikitaccen lokacin aikinsu da kuma lalurorin lafiya da suke da su.

Akwai kuma abin da ya auku a Lac-Mégantic ta Kanada ran 6 ga watan Yuli na 2013. Direba ɗaya tilo ne ya tuƙo jirgi mai tankokin ɗanyen mai 72, ya ajiye shi a kan gangare da dare, ya ɗaure birkin hannu waɗanda ba su isa ba, ya tafi masauki ya kwanta. Jirgin ya gangaro babu kowa a ciki, ya kife a tsakiyar gari, wuta ta cinye mutum 47. Adalci shi ne a faɗi cewa hukumar binciken Kanada ta lissafa dalilai 18, kuma ba ta yanke hukuncin cewa kaɗaicin direban shi ne sanadi ba. Amma gwamnatin ƙasar ba ta jira ba, a cikin wannan wata ta hana jirgi mai ɗauke da kaya masu haɗari ya yi tafiya da mutum ɗaya.

Dogon Jirgi, Gajeren Hutu

Abin da ya fi burge masu kallon bidiyo a 'yan shekarun nan shi ne tsawon jirage. Ana ɗora hoton jirgi mai taragai ɗari biyu, da kawuna a gaba da tsakiya da baya, ana ta yabawa. Wannan tsawo yana da asali. Wani shugaban kamfanonin jirgi mai suna Hunter Harrison, wanda ya riƙe Illinois Central da Canadian National da Canadian Pacific da CSX kafin rasuwarsa a 2017, shi ne ya yayata tsarin da ke neman a ɗauki kaya mai yawa da jirage kaɗan, da injuna kaɗan, da ma'aikata kaɗan. Kusan dukkan manyan kamfanonin ƙasar suka rungumi tsarin, domin masu hannun jari suna son sa. Ofishin bincike na Majalisar Dokokin Amurka ya ba da rahoto a 2019 cewa a kamfanonin da ya samu alƙalumansu, tsawon jirgi ya ƙaru da kimanin kashi 25 cikin ɗari daga 2008, har wasu suna kusan mil uku. A 2022 kuma shugaban hukumar da ke sa ido a kan harkar jiragen ƙasa, Martin Oberman, ya bayyana cewa cikin shekara shida manyan kamfanonin sun rage ma'aikata wajen 45,000, wato kashi 29 cikin ɗari.

Ga ma'aikaci, dogon jirgi ƙarin wahala ne. Layukan ratse, inda jirgi kan kauce ya ba wani hanya, da yawansu an gina su ne tun jirage suna gajeru, saboda haka jirage kan yi ta jiran juna, awoyi suna ƙonewa a tsaye. Idan mahaɗin taragai ya karye ko birki ya kama a can baya, kwandasta ne zai sauka da tocila ya taka a kan tsakuwa, cikin sanyi ko zafi, ya nemo inda matsalar take, tafiyar da kan kai mil biyu zuwa, mil biyu dawowa. Ƙarfen mahaɗin da zai canza kuwa nauyinsa ya haura kilo 30. Da aka rage yawan ma'aikata, layin kira ya gajarce, ya zama yana dawowa kan mutum da sauri. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin BNSF ya fito da wani tsarin maki mai suna Hi-Viz: an ba kowa maki 30, duk ranar da bai samu fita ba a zaftare masa biyu ko fiye, kuma sai ya yi kwana 14 a jere yana zaman jiran kira kafin a mayar masa da huɗu. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya sassauta daga baya. Hausawa dai sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ne ya kai ga rikicin 2022, lokacin da ƙungiyoyin ƙwadago 12 masu wakiltar ma'aikata kimanin 115,000 suka kusa tsayar da jiragen ƙasar baki ɗaya. An yi musu tayin ƙarin albashi na kashi 24 cikin ɗari a tsawon shekara biyar, amma huɗu daga cikin ƙungiyoyin suka ƙi amincewa, domin yarjejeniyar ba ta ƙunshi ko kwana ɗaya na hutun rashin lafiya mai albashi ba. Majalisa ta yi amfani da ikonta ta tilasta yarjejeniyar, Shugaba Joe Biden ya sa hannu ran 2 ga watan Disamba. Ƙudurin ba su kwana bakwai na jinya ya sami ƙuri'a 52 a Majalisar Dattawa, ya gaza kai 60 ɗin da ake bukata. Duk mai hankali zai fahimci saƙon: mutanen da suka yi watsi da ƙarin kashi 24 cikin ɗari, lokaci suke nema.

Hujjar Kamfanoni

Kamfanoni suna da tasu hujjar, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa kaya ba sa zuwa a kan agogo, jirgin ruwa yakan makara, ambaliya takan yanke layi, saboda haka dole a sami ma'aikata a shirye kowane lokaci. Suna tunatarwa cewa a 1970 babban kamfanin Penn Central ya yi fatara, harkar ta kusa durƙushewa, kuma tsimi ne ya farfaɗo da ita har take gogayya da manyan motoci. Suna nuna cewa albashin ma'aikatan jirgi ya fi na yawancin leburori, haɗurra sun ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1970, kuma na'urar da ke taka wa jirgi birki da kanta idan ya nufi jar sigina, wadda dokar 2008 ta wajabta, an gama kafa ta a ƙarshen 2020. Haka nan gaskiya ne cewa wasu ma'aikatan da kansu suna son yawan tafiya, domin da yawan tafiya ake samun kuɗi.

Duk wannan ba ya rushe batun. Na'urar birki ba ta sauka ta duba taragon da ya kama wuta, ba ta raba jirgi biyu domin motar asibiti ta tsallaka titi, ba ta kuma aiki a kowane layi. Da'awar cewa ba zai yiwu a tsara lokaci ba kuwa kamfanonin da kansu sun ƙaryata ta. A 2023, bayan jama'a sun yi musu ca, suka shiga ƙulla yarjejeniyar hutun jinya da ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya, Union Pacific ma ya amince da tsarin da direba zai yi kwana 11 yana karɓar kira, ya huta kwana huɗu da ya san su tun da wuri. A watan Afrilu na 2024 hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ta kafa ƙa'idar cewa galibin jiragen kaya su kasance da mutum biyu, kamfanoni kuma suka garzaya kotu. Abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu ne sa'ad da idon jama'a ya juyo kansa.

Bashin Da Ke Kan Mai Kallo

A nan ne masu sha'awar jirgi suke da rawar takawa, domin babu wani rukuni na jama'a da ya kai su sa ido a kan layin dogo. Kyamara tana da ƙarfin shaida. Lokacin da jirgin Norfolk Southern ya kife a East Palestine ta Jihar Ohio ran 3 ga watan Fabrairu na 2023, ya zubar da sinadarai masu guba, kyamarar tsaro ce da ke wani gari mai nisan mil 20 kafin wurin ta nuna wuta tana ci a ƙarƙashin tarago tun jirgin bai iso ba. Mutanen da suka iya bambanta samfurin inji daga kukansa, suka haddace lambobin jirage da lokutan wucewarsu, ba zai gagare su ba su lura cewa wani jirgi ya yi awa biyar a tsaye a layin ratse da mutane a ciki, su kuma faɗa wa masu bin shirye-shiryensu abin da hakan ke nufi.

Abin da ake nema daga gare su ba mai wuya ba ne. Na farko, su bar ma'aikaci ya yi aikinsa: kada a hau layi domin neman hoto mai kyau, kada a haska masa fitila a ido, kada a ja hankalinsa da waya, domin darasin Chatsworth ya isa. Na biyu, su yi hattara da abin da suke watsawa. Ma'aikacin jirgi yana aiki ne a gaban kyamarar kamfani da ke cikin kan jirgi, ga kuma ta 'yan kallo a waje, kuma ɗan guntun bidiyon da aka ɗora domin raha yana iya raba magidanci da abincinsa. Na uku, kuma mafi muhimmanci, duk lokacin da ake muhawara a majalisa ko a gaban hukuma game da yawan ma'aikata, ko tsawon jirgi, ko awoyin hutu, muryarsu ta fito. Suna da yawa, suna da sani, 'yan majalisa kuma suna jin maganar mai ƙuri'a.

Darasi Ga Nijeriya

Wannan labari na Amurka ne da Kanada, amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma a kan taragai ne gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarawa teku shekaru da yawa. Ma'aikatan reluwe, ƙarƙashin jagorancin Michael Imoudu, su ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945 wanda ya haura kwana 40. Bayan dogon suma, harkar ta fara motsi: an buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, a wannan shekarar kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Burin da aka sa gaba shi ne kaya su bar kan kwalta su koma kan dogo. Bidiyon sababbin jiragen ma tuni ya cika wayoyin matasa, ana yabon kujeru da sanyin na'ura da gudun jirgi.

Lokacin da ya dace a tsara hakkin ma'aikatan shi ne yanzu, tun jiragen kaya ba su yi yawa ba, tun kuma ba a saba da mummunar al'ada ba. Ya kamata hukumar jiragen ƙasa da ma'aikatar sufuri da ƙungiyoyin ƙwadago su zauna su rubuta iyakar awoyin tuƙi da mafi ƙarancin hutu, su fitar da jadawalin aiki wanda direba zai gani tun kafin mako ya kama, su gina masauki mai kyau a ƙarshen kowane zango, su kuma ba ma'aikaci damar ya ce ya gaji ba tare da tsoron takardar gargaɗi ba. Jami'an gwamnati da ke rubuta kwangilolin sababbin layuka su sa waɗannan sharuɗɗa a ciki, musamman idan za a danƙa wa 'yan kasuwa harkar dakon kaya. Ɗalibai masu karatun injiniya da na shari'a kuwa, waɗanda gobe su ne za su riƙe waɗannan ofisoshi, su karanta rahotannin Hinton da Macdona da Red Oak. Amurka ta ɗauki fiye da shekara ɗari tana gyara dokarta bayan kowace jana'iza, kuma babu dalilin da zai sa Nijeriya ta sayi wannan ilimi da irin wannan tsada, tun da an riga an biya.